Rarar da Na Bari a Zaren Gilashi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga wadda ta goya shi, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya ƙafar Inna? Yaya shago, da tsohon keken ɗinkinki mai tari da safe kafin ya yarda ya tashi? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Kin ce ba kya jin bayanina a waya saboda ƙarar kekuna, kuma duk wanda ya tambaye ki aikin Auta sai ki ce yana gyaran fitila a jami'a. To ga shi a rubuce. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Kin tuna da na bar shagonki na shiga aikin haɗa zaren gilashi na intanet a bakin titi. Zare ne siriri kamar gashin kai, haske ke bi ta cikinsa. In za a haɗa biyu sai a fere bakinsu, a yanke su a miƙe, a sa a injin da ke narkar da su su zama ɗaya. Shi ɗin nake yi a nan, sai dai yanzu a inuwa, cikin ɗakin gwaji mai sanyi marar taga, da farar riga da tabarau mai duhu. Farfesa, wato mai ɗakin, ya ce hannuna ya ɗauka aiki, ba takardata ba. Na ce a raina ai hannun Yaya ne, ita ta yi ta bugunsa da tef har ya daina rawa.

A tsakiyar ɗakin akwai teburin ƙarfe da ya kai gado biyu, an kakkafa masa ƙananan madubai kamar maɓallan riga. Teburin a kan iska yake zaune. In ka jingina da shi sai ya lotsa, kowa ya juyo ya harare ka. Ranar farko na jingina. Dogo, ɗalibin da ya fi kowa daɗewa, ya ce in barci nake ji akwai benci a waje. Da ya ji daga ɗinki na fito sai ya laƙaba mini Tela, sunan kuma ya bi ni.

Abin da suke ginawa a teburin suna kiransa matajin haske. Akwai leza, wata fitila mai ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa. In aka baza haskenta launi-launi, ba a haɗe yake fita ba, layi-layi yake fita, siraran layuka masu tazara ɗaya kamar haƙoran mataji. Da waɗannan haƙora ake auna haske kamar yadda kike auna yadi da tef, har a yi agogon da ba ya kuskure. Matsalar ita ce tef ɗin nasu ba shi da kai, ba a san inda sifili yake ba. Kafin a gano shi sai matajin ya yi faɗi sosai, har haƙoran wannan ƙarshe su kai ninkin na wancan ƙarshe. Sannan a naɗe shi a haɗa baki da baki, kamar yadda kike ninke yadi. In faɗin bai kai ba, bakin ba zai haɗu ba. Sai da aka maimaita mini sau da yawa kafin na kama wannan, ina gyaɗa kai ina jin kunya, domin yaran da na girma suna faɗinsa kamar gaisuwa.

Wadda ta yi haƙurin maimaita mini ita ce Malama Ƙarama. Ɗaliba ce mai neman digirin dakta, aikin matajin nata ne, ta yi shekara da shekaru a kansa. A tsaye take cin abinci, tana tauna murfin biro, kuma farar rigarta ta yi mata yawa, kullum tana naɗe hannun yana zamowa. Ba ta taɓa kirana Tela ba. Malam Auta take cewa, ni da ban gama sakandare ba.

Ana faɗaɗa matajin ne da wani zare na musamman, wanda aka ba Farfesa kyauta daga wata ƙasa. Ɗan kaɗan ya rage a kan kwarkwaro, a kulle yake a durowa. Guntu ake yanka a haɗa a tsakiyar zaren yau da kullum, haske ya bi ta ciki ya bazu. Ana ganin faɗin a fuskar wata na'ura, kamar tudu mai shimfiɗa ƙafafu hagu da dama. Makon jiya Malama Ƙarama ta ba ni awo, kusan tsawon ɗan yatsa. Na yanka. Sai da na gama haɗi na lura hannuna ya bar 'yar rara, kamar faɗin farce, irin wadda kika koya mini in bari a kowane yanka, domin dogo ana iya rage shi, gajere kuwa ya lalace. Ban ma yi niyya ba.

Yaya, da aka kunna, tudun ya yi faɗin da bai taɓa yi ba. Malama Ƙarama ta tafa hannu, ta ce haɗina ya fi na wanda na gada tsabta. Ni kuwa na san ba tsabta kaɗai ba ce. Na riƙe abin a raina.

Farfesa ya ce in ta kammala kafin ƙarshen zango, ita za ta je babban taron masana ta gabatar da aikin da bakinta. Ki taya ta da addu'a. Ki gaida Inna, ki ce ina cin abinci. 'Yan biyu su daina wasa da almakashi.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da kika ce kumburin ƙafar Inna ya sauka. Wandon da kika aiko ya iso, ya zauna mini daidai, na gode. Na daɗe ban rubuto ba, kuma ba aiki ne ya hana ni ba.

Guntun zaren nan da na ba ki labari ya ƙone a baki. Ba laifin kowa ba ne, yakan faru in haske ya yi ƙarfi. Ranar da za a sa sabo, Malama Ƙarama daga asibiti ta zo, mahaifinta ne aka kwantar. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta miƙo mini makullin durowa, ta faɗi awo da baki, awon nan dai na ɗan yatsa, ta juya ta koma. Na ji ta sarai.

Na zauna ni kaɗai da kwarkwaron a hannu. Na ce a raina, rarar faɗin farce ta kawo wancan faɗi, to ina ga rara ta gaske? Baiwar Allah tana tsakanin asibiti da tebur, lokaci yana ƙurewa, ni kuma na ga abin da su ba su gani ba. Sai na yanka taƙi guda, daga babban yatsa zuwa na tsakiya a buɗe. Na haɗa, na naɗe shi a ɗan akwatin da ake ajiye haɗi, na rufe murfi. A ido ba ya bambanta da sauran zare. Niyyata in an yi nasara in gaya mata a matsayin kyauta. Har na shirya yadda zan faɗa, in sunkuyar da kai kamar ba wani abu ba.

Washegari ta kunna. Tudun ya miƙe ƙafafu har ya kusa fita daga fuskar na'urar, ya wuce ninkin da ake nema. Ta dafa bakinta, ta fita da gudu ta kira Farfesa. Har shi sai da ya ce madalla, mutumin da in ya ce ba laifi ɗalibai ke kwana da murna. Ina tsaye a bayansu ina jin kaina kamar ya taɓa silin.

Amma faɗi rabin aiki ne. Akwai na'ura ta biyu, wadda a ƙasan fuskarta kullum wasu layuka ke rawa, suna kiransu ciyawa. In an naɗe matajin baki ya haɗu da baki, tsini ɗaya zai fito ya tsaya sama da ciyawar. Wannan tsini shi ne sifilin da ake nema, shi ne duk aikin. Ta naɗe. Ciyawa kawai.

Tun daga ranar take nema. Ta murɗa kowane madubi, ta goge, ta mayar. Ta canja wayoyi. Ta aro na'urar ɗakin gaba ko tamu ce ke ƙarya. Murfin bironta ya zama kamar ɓera ya ci. In na ce ta huta sai ta ce Malam Auta, faɗin yana nan, ɓangarenka ya yi, saura nawa. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Shekaranjiya muna zaune a matakalar bayan gini da rana, tana cin burodi a zaune karo na farko da na gani, sai na tambaye ta, kamar da wasa, me ya sa ba a sa zaren da tsawo tunda yana ƙara faɗi. Ta yi dariya ta ce kowa da wannan tambaya yake farawa. Ta ce kowane zare yana da iyakar faɗin da zai bayar haƙora suna lafiya. In aka wuce iyakar, faɗi zai ci gaba da ƙaruwa, amma haƙoran sai su cakuɗe, kamar yadin roba mai zane da aka ja har zanen ya dagule. A na'urar farko za ka ga kyau, domin ita faɗi kawai take nunawa, ba ta ganin haƙora. Ta ce mataji marar haƙora ai katako ne. Shi ya sa ta yi wata da watanni tana lissafi kafin ta fitar da awon ɗan yatsan nan.

Yaya, na ajiye burodin da ta gutsuro mini. Ga ta, ga ni, babu kowa, ba a taɓa samun wuri mai sauƙin magana kamar wannan ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, ashe haka ne. Ta kaɗe siket ta koma ciki ta ci gaba da murɗa madubai, ni kuma na bi ta na riƙe mata tocila.

Ina ta cewa gobe. Kada ki gaya wa Inna. Ki gaida maigida da yara.

Naki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida gida gaba ɗaya, Allah ya sa kuna lafiya. Na ga kiranki ban ɗauka ba. Ki yafe mini. Abin da zan faɗa bakina ba zai iya ba, gara takarda, ita ba ta kallon mutum.

Goben da nake ta faɗa ba ta zo ba. Kullum in shigo da maganar a baki, in tarar da ita ta riga ni zuwa, idanu ja, sai in ce bari ta karya tukuna. In ta karya, Dogo ya shigo. In Dogo ya fita, an kira ta daga asibiti. Na iya haƙuri, ke kin sani, sai yanzu na gane ana iya ɓuya a bayansa.

Na yi tunanin in buɗe akwatin in rage zaren a ɓoye. Amma tudun zai tsuke a fuskar na'ura, kuma ta san surarsa kamar yadda kika san ɗinkinki a jikin mutum a kasuwa.

Ranar Alhamis Farfesa ya shigo da kansa, ya cire agogo ya naɗe hannun riga, ya ce a bi hanyar hasken tun daga leza har ƙarshe, a buɗe duk abin da ke da murfi. Ina tsaye ina kallo suna matsowa akwati bayan akwati, kamar mai jiran layin allura. Da aka zo kan nawa ni aka ce in buɗe. Na buɗe. Malama Ƙarama ta haska wuraren haɗi biyu, ta bi zaren da ke tsakaninsu da ido, zagaye bayan zagaye. Ta ɗauko rula. Ta auna.

Na jira ta juyo ta tambaye ni. Wallahi da ta tambaya da na faɗa. Ba ta tambaya ba. Ta ajiye rular, ta ce wa Farfesa kuskurenta ne. Ta ce ranar nan daga asibiti ta zo, da baki ta ba da awo ba ta rubuta ba, kuma akwai wani zaren yau da kullum da ake yanka taƙi guda, lalle awonsa ta faɗa a maimakon wannan. Ta ce Malam Auta ba ya kuskuren awo, abin da aka ce masa shi yake yankawa. Sannan ta juyo gare ni a gaban kowa ta ce in yi haƙuri, ta sa na yi ta wahalar riƙe tocila a banza.

Kin san abin da ƙaninki ya ce? Na ce ba komai, Malama.

Farfesa ba mai faɗa ba ne, da ma faɗan ya yi. Ya mayar da agogonsa a hankali. Ya ce zaren da ba a sayarwa a kasuwa an kashe kusan rabin abin da ya rage, an kashe makonni, duk saboda awon da yaron firamare zai rubuta a takarda. Ya ce ya san tana da majinyaci, kuma saboda haka ne ma zai sauke mata nauyi: Dogo zai karɓi teburin ya ƙarasa, shi zai je taron. Ita ta je ta kula da mahaifinta, in hankalinta ya dawo sai a nemo mata wani ɓangare. Ta ce to. Ta cire farar rigar ta rataye, hannun rigar yana lilo har ƙasa. Da za ta fita sai da ta tsaya ta nuna wa Dogo madubin da ke da taurin kai, kada ya wahala.

Aikin shekarunta ne, Yaya. Ita ta kafa kowane madubi a teburin nan. Yanzu mako mai zuwa ni da Dogo za mu rage zaren, tsini ya fito, a tafa masa. Dogo da kansa bai yi murna ba. Ya ce mini, Tela, gadon mai rai ba daɗi. Ya ce in ci abinci, fuskata ta yi kamar tsumman goge madubi.

Ina tsoron in na faɗa a kore ni, in koma bakin titi cikin rana, in dawo gida kowa ya ji dalili. Ba zan ɓoye miki wannan ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne kalmar nan biyu. Yankan na yi shi da niyyar alheri, ko da wauta ce. Ba komai ɗin kuwa ban san da wace niyya na faɗe shi ba. Jiya na gan ta daga nesa a bakin ƙofar jami'a tana jiran mota, ta ɗago mini hannu, na yi kamar ina ɗaure takalmi. Takalmin ba shi da igiya.

Ki rubuto mini ko zagi ne.

Ƙaninki da ba ya iya ɗaga kai,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da Inna da maigida da 'yan biyu. Takardarki ta iso. Na duba gaba da baya ina neman gaisuwa ban samu ba, na san kuma ba mantuwa kika yi ba.

Kin ce in daina jingina abin da na yi da koyarwarki. Kin ce ba ki taɓa barin rara a kayan mutum ba sai kin gaya masa. Na zauna na tuna, gaskiyarki ne. Duk wadda ta zo karɓar ɗinki, kina miƙa mata leda kina cewa na bar miki kaɗan a ciki, in ya yi yawa ki dawo. Ina gefe ina guga ina ji kullum. Yankan na koya, maganar bakin ƙofa na bari a shago.

Ranar Litinin da safe akwai zaman da ake yi a ƙaramin ofis, kowa ya faɗi aikinsa na mako, ana shan shayi. Ni kujerata kusa da ƙofa take, abin da nake cewa kullum shi ne haɗi lafiya. Malama Ƙarama ta zo, ta zauna a ƙarshe ba ta da abin faɗa. Da layi ya zo kaina sai na miƙe tsaye, abin da ba a yi a zaman. Na ce awon da Malama ta ba ni daidai ne, tsawon ɗan yatsa ta ce, ni na yanka taƙi da gangan.

Farfesa ya ajiye kofi. Ya tambaya ko na ji ta da kyau a ranar. Na ce na ji. Ya tambaya ko ranar Alhamis da ta ba ni haƙuri na san haka. Na ce na sani. Ya ce to me ya kai ni. Na ba da labarin rara tun daga shagonki, da faɗin farcen farko, da kyautar da na so in yi. A bakina labarin ya fi yadda yake a raina wauta. Dogo ya ce ashe wando aka ɗinka mana, ba wanda ya yi dariya, sai ya mayar da ita tari.

Farfesa ya gyara zama. Sannan ya juya ga Malama Ƙarama ya ce ya yi mata hukunci a kan abin da ba ta yi ba, ta koma teburinta yau. Taron kuwa an riga an aika sunan Dogo, an rufe karɓa, ba yadda za a yi. Dogo zai je ya karanta aikin da sunanta a gaba, amma ba bakinta ba. Ni kuma ya ce zan zauna, domin korata ba za ta mayar da zare kan kwarkwaro ba. Sai dai daga yau duk abin da na yanka sai na ɗora a kan rula wani ya duba kafin in haɗa. Ina da gemu, Yaya, ana duba mini awo kamar yaron da ya shigo shago jiya.

Duk wannan Malama Ƙarama gwangwanin sukari take kallo. Sai a baranda ta tsayar da ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yankan ba ya ba ta haushi sosai, ita ma faɗin ya ruɗe ta har ba ta yi tunanin auna zaren ba. Ta ce abin da ta kasa haɗiyewa shi ne ta kwana tana zargin kanta a gefen gadon mahaifinta, ta zo ta ba ni haƙuri, na karɓa. Ta ce har da ɗan murmushi na yi. Ban san na yi murmushi ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta ji, ta wuce. Ba ta ce ba komai ba.

Washegari muka fara ragewa. Ba a yanke shi gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake yi, a haɗa, a kunna, a duba, a sake. Ita ke riƙe rula, ni ke yanka. Ba ta ce mini Malam Auta, ba ta ce mini Tela, lamba kawai take faɗa. Duk yankan da na yi sai tudun nan da na yi alfahari da shi ya janye ƙafa, da hannuna nake tsuke shi, a gaban Dogo da ke tsaye yana cin gyaɗa. Guntayen da ke faɗowa ba sa moruwa, ina tara su a kwalbar shara, kowanne ina jin sa a jikina. Na'ura ta biyu kuwa ciyawa, ciyawa. Har na fara tsoron ko na lalata abin da ba ya gyaruwa.

Da zaren ya kusa tsawon ɗan yatsa, sai wani wuri a cikin ciyawar ya ɗan kumbura, kamar shuka za ta fasa ƙasa. Ta ga na gani, ta faɗi lamba ta gaba. Na yanka, na ɗora a rula, ta duba, na haɗa. Ta kunna. Tsinin ya tashi ya tsaya cak, siriri kamar allura, ciyawa tana rawa a ƙarƙashinsa shi ko gezau. A na'urar farko tudun ya koma ɗan madaidaici, da ƙyar ƙafafunsa suka taɓa inda ake bukata, ba rarar ko zare ɗaya. Awon kuwa shi ne wanda ta faɗa a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

Ba ta yi gudu ba wannan karon. Ta ja kujera ta zauna tana kallonsa. Dogo ne ya je ya kira Farfesa. Ni na koma gefe na tattara kayan yanka, don ban ga inda zan tsaya a cikin murnar ba.

An sallami mahaifinta, da sauƙi. Dogo ya tafi taron, yana ta aiko tambayoyi a waya domin abin da ake tambayarsa ita kaɗai ta sani. In wayarta ta yi ƙara sai in sunkuyar da kai.

Jiya da za a tashi ta ajiye farar rigarta a kan bencina. Ta ce tunda ni tela ne, hannun rigar nan ya ishe ta, in rage shi. Ta ɗauko rula ta nuna inda take so ya tsaya, daidai ƙashin wuyan hannu, ta faɗi lamba, ta kalle ni ta ce daidai. Na juya hannun rigar na duba. Kin san in na yanka daidai nan ba abin da zan kalmasa, bakin zai zare. Na ce Malama, wannan kam sai an bar rara ta kalmasa. Ta ce nawa. Na ce faɗin yatsa biyu. Ta ɗora yatsunta biyu a kan rular ta duba, ta ce to bar shi, Malam Auta.

Ki aiko mini da farin zare da allura mai kyau ta hannun direba, na nan duk masu kauri ne. Ki gaida Inna. In kin ga dama ki sa gaisuwa a takarda ta gaba.

Ƙaninki,
Auta